In tafi Kuwait ko in sauya maudu'in bincike?

Ɗalibar Siyasa: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, kuma bincikena a kan wakilcin mata ne a majalisar dokokin Kuwait, tun daga 2005 da aka ba su damar jefa ƙuri'a da tsayawa takara. Na gama babi biyu. Damuwata ita ce tun watan Mayun 2024 Sarki Mishal ya rushe majalisar, ya jingine wasu sassan tsarin mulki na tsawon da ba zai wuce shekara huɗu ba. Malamina ya ce ko dai in je in yi hira da matan da suka taɓa takara, ko in karkata zuwa Bahrain inda majalisa ke nan da ranta. Kuɗin da ke hannuna gadon mahaifina ne, in sun tafi sun tafi. Don Allah waɗanda suka zauna can, mako uku zai ishe ni? Kuma za su yarda su yi magana da baƙuwa a wannan yanayin?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ki bi ta Alkahira. Naira miliyan 1.2 na biya wa yayata, zuwa da dawowa.

Uwar Biyu: A wace shekarar ke nan? Ni watan jiya miliyan 2 aka faɗa min, ban da biza.

Ɗan Fagge: To cutar ki za a yi, Hajiya.

Direban Jahra: Shekara tara na yi ina tuƙi a wani gida a Jahra, zaɓe huɗu aka yi a idona. Ranar zaɓe ni ke kwasar matan gida in kai su rumfar mata, don rumfarsu daban take da ta maza. Tun a mota uwargida za ta maimaita musu sunan wanda maigida ya ce, ɗan ƙabilarsu. Wata rana ƙaramar 'yar ta ce ita mace za ta zaɓa, kakarta ta ce, "In ɗan baffanki ya faɗi da ƙuri'a ɗaya, ki nemi gidan kwana." Aka kwashe da dariya, amma ban ga alamar tsohuwar wasa take ba.

Malamin Larabci: Abin da direba ya faɗa shi ne gaskiyar maganar. Kujeru 50 ne, mazaɓu biyar, kowace goma, kuma babu jam'iyyu. A 2009 kowa na da ƙuri'a huɗu, sai mutum ya ba ɗan dangi ɗaya, ya ba mace ɗaya, kowa ya huta. A shekarar ce mata huɗu suka shiga: Ma'asuma al-Mubarak, Asil al-Awadi, Rola Dashti da Salwa al-Jassar. A 2012 aka mayar da ita ƙuri'a ɗaya tak. Daga nan matan da ke cin kujera sai a samu uku, biyu, ɗaya. A 2020 babu ko ɗaya, har Safa al-Hashim, mace tilo a majalisar da ta gabata, ta rasa kujerarta. A 2023 da 2024 Jinan Bushehri ce kaɗai, alhali a rajista mata sun fi maza yawa. Sannan ainihin siyasar a diwaniyya ake ƙulla ta, wato zauren maza na dare.

Maman Affan: Ni wallahi in na ji ana wannan maganar raina ɓaci yake. A 2016 ina aikatau da biza ta 20, wato ta masu aikin gida, a gidan wata da ta tsaya takara, ba zan faɗi sunanta ba. An kafa mata tanti kamar na bikin sarauta, ga sanyin na'ura, ga kafet, ga turaren wuta. Mu huɗu ne a kicin, ni da 'yar Habasha da 'yan Filifin biyu. Kusan mako uku ban kwanta kafin ƙarfe uku na dare ba, asuba kuma ina tsaye a kan tukunyar shinkafa. Hannuna har yau akwai tabon mai. Daga bayan labule nake jin ta a lasifika tana cewa mace ba baiwa ba ce, ana ta tafi, fasfona kuma yana cikin durowarta a kulle. Ta yi mana alkawarin dinari 50 kowa in an gama. Da sakamako ya fito ba ta ci ba, ta shige ɗaki kwana biyu, da ta fito sai ta ce cokulan azurfa sun ɓata a tanti, a cire daga albashinmu. Wata biyu ban aika wa mahaifiyata ko sisi ba, ga ta a kwance. Ƙanwata, in kin je ki tambaye su wa ya dafa musu abincin kamfen.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah Ya saka miki, Anti.

Malamin Larabci: Allah Ya bi miki haƙƙinki, amma halin mutum ɗaya ba hujja ba ne a bincike. Yarinyar nan ilimi take nema.

Maman Affan: Malam, kai nawa ka gani? A jarida ka karanta. Ni a cikin gidan na kwana.

Malamin Larabci: Shekara shida na koyar a Hawalli, Hajiya.

Direban Jahra: Duk ku kwantar da hankali, cikinmu nan babu wanda ya taɓa dangwala ƙuri'a a ƙasar. Baƙi sun kai kashi biyu cikin uku na mutanen Kuwait, mu dai namu kallo da ɗaukar kaya.

Ɗan Fagge: Majalisar da aka zaɓa a 2020, 2022, 2023, 2024? Wannan ai wutar lantarkin unguwarmu ce, kafin ka jona caji an ɗauke.

Baba Mai Carbi: Ni tambayata, wa zai raka ki? Mace ta kama hanya ita kaɗai har mako uku?

Ɗalibar Siyasa: Baba, da yayana za mu je, shi ya sa kuɗin ya ninka. Anti Maman Affan, na ji labarinki har cikin raina, in kin yarda zan so mu yi magana ta gefe. Amma har yanzu ba a ce min ko za su yi hira da ni ba.

Malamin Larabci: Zai yi wuya. Tun bayan rushe majalisa an janye wa dubban mutane takardar zama 'yan ƙasa, akasarinsu matan da suka samu ta hanyar aure. Kowa ya kama bakinsa. Abokaina na can ko a waya ba sa taɓa maganar. Bahrain ta fi sauƙi a takarda: mata takwas cikin 40 a zaɓen 2022, kuma a 2018 Fauziyya Zainal ta shugabanci majalisar. Sai dai can ma an rushe manyan ƙungiyoyin adawa kafin nan.

'Yar Maraɗi: Kun tafi har Tekun Fasha neman abin da ke ƙofar gidanku. Sanatoci 109 gare ku, mata huɗu. Mu a Nijar tun 2000 aka yi dokar ware wa mata kaso a kujerun majalisa.

Ɗan Fagge: Yanzu ina majalisar taku da aka zaɓa take?

'Yar Maraɗi: Kai dai ka ji da tikitinka na miliyan 1.2.

Uwar Biyu: Anti Maman Affan, ta hannun ejan kika tafi? Ƙanwar mijina ta biya wani naira dubu 800 tun kafin azumi, ya karɓe fasfonta, yanzu lambarsa ba ta shiga.

Maman Affan: Dubu 800? Mu lokacinmu ba ka biyan komai a nan, albashin wata uku na farko suke cinyewa. Ya nuna mata takardar kwangila da sunan gidan da za ta?

Uwar Biyu: Hoto kawai ya turo a WhatsApp, da Larabci, ba wanda ya iya karantawa.

Direban Jahra: Turo min in duba. In babu lambar kafili, wato mai gidan da zai ɗauki nauyinta a can, a jiki, ku wuce wurin 'yan sanda tun gobe.