Wai hukuncin Allah ne ko mi?

Dan_Zariya2:
Salama yan uwa. Ran Lahadi bayan sujada muna zaune gindin bedi wani dattijo ya ce duk abinda ya samu kasar ga ta Nijar tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, rufe iyaka, yanke kuran, ga ambaliyar 2024 da ta kada gidaje har da dakin innata, wai duka hukunci ne irin na Urushalima. Ban iya musu da babba ba amma raina bai kwanta ba. Tsohuwar da ko kwan kaza bata taba dauka ba, mi ta yi?

Maman Alheri:
Ayya dana sannu, ka gaida Inna. Duba Luka 13, hasumiyar Siluwam ta fada ma mutum 18 suka mutu, Yesu ya ce kuna zaton sun fi sauran mutanen Urushalima laifi? Ya ce a'a, ku dai ku tuba. Mu kam da dakin makwabci ya fadi sai mu hau lissafin zunubinshi.

Malamin Lahadi:
Mama gaskiya ne amma kar mu share hukuncin gaba daya don yana da daci. Amos ya yi fada da masu rage mudu su kara kudi, to mu nan wa bai san mai boye hatsi sai tiya ta yi tsada ba, ciki har da masu zama bencin gaba a majami'a. Abinda ke bani mamaki Irmiya ne, shekara 40 yana cewa Babila na zuwa ba mai ji, lokacin da sojan Nebukadnezzar sarkin Babila suka kewaye Urushalima shi kuma yana tsare sai ya sayi gona a Anatot, shekel 17 na azurfa, ya sa shaidu, ya ce a sa takardar cikin tukunyar kasa don ta dade. Birni na shirin cin wuta mutum na sayen gona! Kuma ya ci wutar, 586 kafin haihuwar Almasihu.

Tsohon Tibiri:
Yaro ni na ga yunwar El Buhari a 1984, mun ci dussa, daji ya zama fili fetal. Lokacin ne Tony Rinaudo na kungiyar mishan ta SIM ya rika cewa a bar sare tohon kututture, a rage a bar masu karfi, sassaben zamani kenan. Dariya muka yi mashi wallahi. Yau kalgo da sabarar gonata duka daga kututturan nan suka tashi, ashe saiwar bata mutu ba. Shi ya sa in an karanta Ishaya 11, toho daga kututturen Yesse, ni bana bukatar fassara. Maradin ma ai cikin kwarin Gulbi take da, ruwan 1945 ya koro ta kan tudu.

Dan_Zariya2:
Na gode Baba, na gode Mama. Dattijon dai ba zan koma mishi da maganar ba. Asabar za mu fara buga tubalin dakin Inna, mai sarari ya zo da shebur.