Ɓarawo ne ko mai kaya ne? Rigimar Rossetti da littafin da aka tono a kabari

Ummi: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wallahi yau raina a ɓace yake, ku bar ni in fitar da abin da ke cikina ko na samu barci. Sati biyu cur malaminmu na adabin Ingilishi yana koya mana Dante Gabriel Rossetti, waƙoƙinsa da zane-zanensa da ƙungiyar nan ta masu zane mai suna Pre-Raphaelite da suka kafa a Landan a 1848 shi da Millais da Holman Hunt, amma matarsa Elizabeth Siddal layi ɗaya tak ya ba ta, wai "yarinyar da suke zanawa". Da aka ba mu asaimen na rubuta a kanta, ya ba ni 9 cikin 20 ya sa jan biro wai na fita daga tambaya. Alhali matar nan mai zane ce da kanta, tana kuma rubuta waƙa. A shagon ɗinkin hulunan mata suka tsinto ta ba gata ba komai, amma a 1855 John Ruskin, mutumin da in ya ce zane ya yi to ya yi a duk Ingila, ya yanka mata fam 150 duk shekara don ya riƙa karɓar abin da ta zana, a 1857 kuma da suka baje kolin zanensu a Landan ita kaɗai ce mace a ciki. Ta rasu a Fabrairun 1862 tana da shekara 32. Mijin ya ɗauki littafin waƙoƙinsa na rubutun hannu ya saka mata a akwatin gawa, bayan shekara 7 ya sa aka tone kabarin da daddare aka ɗauko masa abinsa. Wannan ɓarawon ake mana sati biyu a kansa. Tambayata ita ce, me ya sa har yau fuskarta kawai ake koyarwa ba aikinta ba?

Barista: Ƙanwata Allah ya huci zuciyarki. Amma ɓarawo fa kika ce. Me ya sata? Waƙoƙin nasa ne, da hannunsa ya rubuta. Mutum na satar kayansa ne?

Maman Biyu: Ai tunda ya ba ta sun tashi daga nasa Barista.

Barista: Hajiya gawa ba ta mallakar komai, ko a dokarsu ko a tamu. Kuma ba katanga suka haura ba, sai da aka samo takardar izini daga ministan cikin gida na Ingila kafin a taɓa kabarin nan a maƙabartar Highgate, a Oktoban 1869. Wanne ɓarawo ne yake neman takardar gwamnati?

Maman Biyu: To in dai gaskiya ce da shi me ya kai shi yin abin cikin dare, me ya sa ya ɓoye wa ƴan gidansu sai da aka gama sannan ya rubuta wa ƙaninsa William? Kabarin fa na gidansu ne, mahaifinsa na kwance a ciki. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Ɗan Fagge: Ni dai gyara zan yi, shi Rossetti bai ma je wurin ba. Wani abokinsa Charles Howell ne ya tsaya aka yi tonon.

Maman Biyu: Yawwa ka ma ƙara min hujja. Ɓarawon zaune ke nan! Ya tura an yi masa aikin yana gida yana jiran kaya.

Ɗan Fagge: Haba Hajiya, ni fa ba ɓangarenki na shigo ba. Rashin zuwan nasa ai alama ce cewa abin ya dame shi, zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba.

Maman Biyu: Zuciyar ba ta iya ɗaukar gani amma ta iya ɗaukar kuɗin littafi da ya buga a 1870.

Ummi: Dan Allah ni fa ba wannan na tambaya ba. Maganar zanenta nake.

Ustaz: Salamu alaikum. Ni ba zan ce ɓarawo ba don kalmar tana da sharuɗɗa, ba a jifan mutum da ita haka kawai ko da kafiri ne ko da ya mutu. Amma akwai hadisi ingantacce cewa wanda ya yi kyauta ya koma ya karɓe kamar kare ne da ya yi amai ya koma ya lashe. To sunan da ya dace da shi ke nan, wanda ya lashe amansa.

Barista: Ustaz da girmanka, kyauta ai sai da mai karɓa. Wa ya karɓa a nan? Ni a ganina binne littafin ne ma kuskuren, almubazzaranci ne, tonowar gyara ce.

Ustaz: Tone kabarin mace don takarda shi ne gyara Barista? Ka ji tsoron Allah. Ko a kotu ba a tone gawa sai da babban dalili.

Barista: Ban ce abin ya yi kyau ba, na ce ba sata ba ne. Ku riƙa bambancewa tsakanin abin kunya da laifi.

Sadauki: Ni mamaki kuke ba ni wallahi. Tun la'asar kuna ta faɗa a kan wasu Turawa na zamanin Sarauniya Victoria, zamanin da suka fara ƙulla yadda za su cinye ƙasarmu. Duk ɓarayi ne, da shi da matar da mai ba ta fam 150 ɗin. Nana Asma'u a 1864 ta rasu, zamaninsu ɗaya da wannan Siddal ɗin, cikinku mutum nawa ne zai iya kawo baiti biyu nata da ka?

Ɗan Fagge: Kai Sadauki komai sai ka kawo mulkin mallaka. Rossetti a 1882 ya mutu, kamfanin Royal Niger, wanda ya share wa Turawa hanyar mulkin ƙasarmu, bai ma samu takardar sarauniya ba sai 1886. Ubansa ma ɗan gudun hijira ne daga Italiya da ya zo Landan yana koyar da Italiyanci. Me ya sata a Kano?

Sadauki: Kuɗin da attajiran Ingila suke sayen zanen nasa da shi daga ina ya fito?

Ɗan Fagge: Kawo sunan attajiri ɗaya da hujja.

Sadauki: Ba sai na kawo ba, kowa ya sani.

Ummi: Yaya Sadauki na yarda a koyar da Nana Asma'u, har gobe ina alfahari da ita, amma kwas ɗin adabin zamanin Victoria nake yi kuma shi zan rubuta a jarrabawa.

Malam Na Zariya: Ƴata Ummi bari in faɗa miki gaskiya ko ba daɗi, shekarata 19 ina koyarwa. In aka tambaye ki a kan waƙar Rossetti kika je kina ba da tarihin matarsa, kin fita daga tambaya, ko ni ne 9 ɗin zan ba ki. Kuma ɗalibar da za ta kira marubucin da ake koya mata ɓarawo a bainar jama'a to da sauranta a ladabin ilimi.

Maman Biyu: Ga su nan, malamai ba sa ganin laifin junansu. Yarinya ta yi bincike ta gano abin da lakcaran bai faɗa ba, maimakon a yaba sai jan biro.

Malam Na Zariya: Hajiya kin taɓa duba takardar ɗalibai 300 a sati ɗaya ba wuta ba albashi a kan lokaci?

Maman Biyu: Mu kuma mun taɓa zama da ƴaƴanmu wata takwas a gida saboda yajin aikinku, kuɗin haya na ƙonewa a banza.

Malam Na Zariya: Don ƴaƴan naku muke yi.

Admin: A dawo kan magana dan Allah. Maganar yajin aiki ba a nan ba.

Baby Zee: Ni dai abin da ya ba ni tsoro, na karanta cewa da aka buɗe akwatin an same ta kamar barci take, jan gashinta ya ci gaba da tsiro har ya cika akwatin. Wannan ai ishara ce cewa an zalunce ta.

Anti Nas: Zee ƙanwata wannan zancen Howell ne, shi ya baza shi, kuma mutum ne da aka sani da shara ƙarya. Gashi ba ya tsiro bayan mutuwa, fata ce take bushewa ta ja baya sai a ga kamar gashi da farce sun ƙaru. Littafin kansa a jiƙe aka ciro shi, sai da likita ya wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta aka shanya shafi-shafi, tsutsa ma ta huda wasu shafukan har ta ci wani ɓangare na waƙarsa mai suna Jenny. In takarda ta yi haka ina ga jikin mutum.

Baby Zee: To ni dai haka na gani a intanet. Kuma ai shi ya kashe ta.

Barista: Kash. Daga ɓarawo mun koma mai kisan kai. Binciken hukuma da aka yi bayan rasuwarta cewa ya yi tsautsayi ne, maganin lodanam ta sha ya yi mata yawa.

Anti Nas: A nan zan ɗan tsaya saboda fannina ne kuma abin yana taɓa ni. Lodanam ruwan ofiyam ne da ake jiƙawa a barasa, ƴan gida ɗaya ne da kodin, kuma a lokacin kowa na iya shiga shago ya saya ba takardar likita, sai a 1868 ma aka fara sa doka a kan sayar da irinsa. Matar nan ta daɗe tana sha saboda rashin lafiya. Kusan shekara 10 mutumin nan yana ja mata rai da maganar aure yana kula wasu matan, sai a Mayun 1860 aka ɗaura a Hastings lokacin ma tana jin jiki sosai, shekara na zagayowa ta haifi ƴa mace ba rai. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin haihuwa ta san irin duhun da mace ke shiga bayan wannan, wata ba ta ci ba ta barci, wata ta zauna tana rarrashin jaririn da babu. Ina ganinsu da idona. Ba ta cika shekara da wannan rashin ba ta rasu. Ban ce ya kashe ta ba Barista, amma kar ka ce min ba ruwansa.

Ɗan Fagge: In laifin rashin lafiyarta ake nema ai a fara da Millais. Shi ya kwantar da ita a bahon wanka cike da ruwa lokacin sanyi don ya zana Ophelia a 1852, fitilun da ke ɗumama ruwan daga ƙasa suka mutu bai lura ba ita kuma ba ta yi magana ba, ta kwashi mura mai tsanani har babanta ya nemi fam 50 kuɗin likita.

Maman Biyu: Kun gani ko. Uba ya tsaya wa ƴarsa, miji kuma ya tone ta.

Barista: Hajiya ke dai duk inda aka bi sai kin dawo kan maza.

Maman Biyu: Kai kuma duk inda aka bi sai ka samo wa namiji takardar izini.

Ummi: Ko ƙanwarsa Christina, wadda ita ma babbar mawaƙiya ce, ta rubuta waƙa a 1856 a kan ɗakin zanen yayan nata, tana cewa fuska ɗaya ce a duk allunansa, kuma ba yadda matar take yake zana ta ba sai yadda yake mafarkinta. Ƴar gidansu ce fa ta faɗa. Har sunan matar tasa ma Siddall ne da L biyu, Rossetti ne ya sa ta cire ɗaya. Wannan nake so mu tattauna.

Malam Na Zariya: To da kin kawo waƙar Christina a asaimen ɗin kin haɗa da tasa da kin samu 15.

Ustaz: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa a kan hadisin ba.

Barista: Na ba ka, ba ka karɓa ba ne.

Admin: Toh jama'a sha ɗaya ta wuce, bari in taƙaita mu rufe. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu mun yarda kalmar ɓarawo ba ta dace ba, tunda Barista ya kawo hujjar doka kuma ba wanda ya iya rushe ta. An kuma nuna labarin gashi ƙarya ne. Ni a nawa ra'ayin da ba a tono littafin nan ba da duniya ta yi asarar waƙoƙi masu daraja, kuma mutumin ya biya da lafiyarsa, don bayan wani marubuci Robert Buchanan ya caccaki littafin a 1871 ya ce waƙoƙin batsa ne, Rossetti ya samu taɓin hankali a 1872 ya ƙarasa rayuwarsa cikin shan maganin barci, ko a Highgate ɗin ma ba a binne shi ba, a Birchington kabarinsa yake. Wanda ya zana Beata Beatrix don tunawa da matarsa ba za a ce bai so ta ba. Ƙanwarmu Ummi kuma ta ɗauki shawarar Malam ta janye kalmar.

Maman Biyu: Mafi yawanmu su wa Admin? Ni da Ustaz da Anti Nas da Zee ba mutane ba ne? Ku uku ne fa kai da Barista da Ɗan Fagge.

Ustaz: Ni ban ce ɓarawo ba Hajiya, kar ki ƙirga da ni.

Ummi: Ban janye ba Yaya Admin. Kuma tun la'asar ba wanda ya ambaci zane ɗaya na matar nan. Akwai Clerk Saunders da ta yi a 1857 yana gidan tarihi na Fitzwilliam a Cambridge, akwai Sir Patrick Spens a gidan adana zane na Tate a Landan, kuma a 2023 Tate ɗin ta baje aikinta tare da nasa a ɗaki ɗaya. Zan turo hotunan yanzu in data ta bari.

Admin: Ki bari sai da safe, na rufe.