Neman kalma: me za mu kira "vulnerability" na na'urorin zaɓe?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, ina neman agajinku. Masana kwamfuta idan suna maganar na'urorin zaɓe sukan ce "vulnerability". Abin da suke nufi shi ne wani wuri a jikin na'urar, ko a manhajarta, ko a hanyar da sakamako ke bi, wanda mai mugun nufi zai iya amfani da shi ya yi ɓarna. Ba a riga an yi ɓarnar ba. Wataƙila ma babu wanda ya san da wurin tukuna, amma yana nan. A rediyo ina jin ana cewa matsala, wani lokaci tangarɗa, wani lokaci rauni, kuma babu wadda ta kwanta mini. Abin yana damuna ne saboda mutanenmu da Hausa suke jin labarin zaɓe, in muka cakuɗa musu kalmomi mun cakuɗa musu fahimta.

Injiniya: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin a je ko'ina, a fitar da tangarɗa daga lissafi, don tana da aikinta. Tangarɗa ita ce na'ura ta ƙi yin abin da aka ƙera ta ta yi, ba tare da hannun kowa ba. Misalin da kowa ya sani shi ne na 25 ga Fabrairun 2023. Ranar sakamakon 'yan majalisa yana hawa shafin IReV, inda INEC ke ɗora hoton sakamakon kowace rumfa, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa. Bayanin da INEC ta bayar a rahotonta shi ne an tsara manhajar ne ta riƙa ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha guda ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta saka shi. Ko ka yarda da bayanin ko ba ka yarda ba, abin da suka siffanta sunansa tangarɗa. Kutse kuma shi ne wani ya shiga da gangan. Abin da Malam ke nema yana tsakanin biyun: shi ne abin da mai kutse yake nema kafin ya yi kutsen.

Wani abu kuma da ya kamata masu fassara su kiyaye: na'urar BVAS da ake aiki da ita a rumfunan zaɓenmu ba ta ƙirga ƙuri'a. Aikinta ta tantance mai zaɓe da zanen yatsa ko fuska, sannan ta ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A. Ƙuri'armu har yau ta takarda ce, da hannu ake ƙirga ta a gaban jama'a. Ba kamar Brazil ko Indiya ba, inda maɓalli ake dannawa.

Malamar Hausa: Injiniya ya gyara mana hanya. Ni ma rauni ba ta yi mini ba. Rauni siffar abu ce gaba ɗayansa. In ka ce hadisi mai rauni, ko hujja mai rauni, ko tsoho mai rauni, kana nufin ƙarfinsa ne ya gaza. Alhali na'ura tana iya zama sabuwa fil, mai ƙarfi ta kowane ɓangare, sai wuri ɗaya tak. Ga kuma ma'anar ciwo da ke manne da kalmar, mai sauraro zai iya zaton an ji wa na'urar rauni ne, wato an riga an taɓa ta.

Ɗalibi: Malama, kafa fa? Ai muna cewa a toshe duk wata kafa ta maguɗi.

Malamar Hausa: Ta fi rauni kusa, ɗana, kuma tana da jam'i. Amma jam'in nata ne matsalar. Ka ce "kafofin na'urar zaɓe" ka ga inda hankalin mutane zai tafi, kafofin yaɗa labarai da na sada zumunta sun riga sun mamaye kalmar. Sannan yawancin masu rubutu a waya ba sa saka lanƙwasa, kafa da ƙafa duk ɗaya suke fitowa.

Ɗan jarida: Mu a ɗakin labarai ɓaraka ce ke fara zuwa mana baki.

Injiniya: Ɓaraka ta riga ta auku, kowa na ganinta, shi ya sa kuke amfani da ita in jam'iyya ta rabu gida biyu. Wannan kuwa a ɓoye yake, yana iya shekaru ba a gano shi ba.

Dattijo: Yara, kuna ta zagaye, kalmar tana bakinku kullum. Lago. Ɗan kokawa in ya shiga fili ba ƙarfin abokin karawarsa yake aunawa ba, lagonsa yake nema. Ƙato ne, ya fi shi ƙirji, amma akwai inda in an kama shi sai ya tafi ƙasa. Kuma ba ma cewa an ga lago, cewa muke yi an gano shi, domin sai an yi nazari. Wanda ya gano lagonka bai kayar da kai ba tukuna, amma ranar da ya so zai iya. Ba shi ne abin da Malam ya bayyana ba?

Mai fassara: Allah ya ƙara girma, Baba. Injiniya, gwada mana ita a kan abin da ya faru da gaske mu ji ko za ta ɗauki nauyin.

Injiniya: To bismillah. A 2006 wasu masana kwamfuta a Holand suka samo irin na'urar kamfanin Nedap da mafi yawan ƙasar ke zaɓe da ita. Suka nuna cewa duk wanda ya samu ɗan lokaci shi kaɗai da na'urar zai iya canja ƙwaƙwalwarta ta riƙa karkatar da ƙuri'u, har suka sa ta buga darar Turawa don kowa ya ga umarnin da aka ba ta take bi. Suka kuma nuna cewa daga nesa ana iya kama siginar da take fitarwa a gane wani abu game da abin da mutum ya zaɓa. Ba su ce an sace wani zaɓe ba. Amma ƙasar ta ajiye na'urorin ta koma takarda da jan fensir. Yanzu ku saurara: "Masana sun gano lagon na'urar zaɓe a Holand." Ta zauna daram. Ba ta ce an yi maguɗi ba, ba ta ce na'urar ta lalace ba.

Na gida kuma, shari'ar gwamnan Osun ta zaɓen 2022. Adadin waɗanda aka tantance yana cikin na'urar BVAS, kwafinsa kuma yana tafiya rumbun bayanan hukumar ne sai an samu sadarwa. In aka ciro rahoto daga rumbun kafin duk bayanan su iso, sai ya nuna kamar ƙuri'u sun fi masu zaɓe yawa. A kan batun aringizon ƙuri'u kotun sauraron ƙararraki ta soke nasarar Ademola Adeleke a Janairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar masa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Mayu. Wannan tazara tsakanin na'ura da rumbu lago ce, ko da babu wanda ya taɓa ko waya ɗaya.

Ɗan jarida: Na yarda ta dace, amma ina da tsoro guda, kuma da gaske nake. In muka fita muna cewa na'urar zaɓe tana da lago, talaka zai ce to me zai kai shi layi cikin rana? Dama fitowar masu zaɓe a 2023 ba ta kai kashi 30 cikin 100 ba.

Injiniya: Tsoronka yana kan hanya, amma ɓoye gaskiya ne ya kawo mu nan. An yi ta gaya wa mutane cewa na'ura ta zo, maguɗi ya ƙare. Da IReV ya tsaya, sai amanar ta rushe gaba ɗaya, domin an ɗora ta a kan alƙawarin da babu injiniyan kirki da zai yi. Babu manhajar da ba ta da lago. Abin tambaya shi ne, in an bi ta lagon, akwai abin da zai tona? A Maris ɗin 2009 kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke cewa amfani da na'urorin da aka yi a zaɓensu ya saɓa wa tsarin mulki, hujjarta kuwa ita ce dole ɗan ƙasa ya iya bin diddigin muhimman matakan zaɓe ba sai yana da ilimin kwamfuta ba. Indiya ta haɗa wa na'urorinta wata 'yar na'ura mai fitar da takardar da mai zaɓe zai gani da idonsa. Kenya kuma, da Kotun Ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 1 ga Satumban 2017, cikin abin da ta riƙe har da ƙin da hukumar zaɓe ta yi na buɗe rumbun bayananta a duba kamar yadda aka umarce ta. Mu a nan garkuwarmu ita ce takardar EC8A mai sa hannun wakilan jam'iyyu, wadda ake ba kowane wakili kwafinta a rumfa. Wannan za ka gaya wa talaka: ya tsaya a ƙirga, ya ɗauki hoto.

Barista: Ku ba ni dama in ja zaren zuwa wani gefe, don ina ganin a nan ne lago ta fi duk sauran kalmomin. Rauni da kafa da ɓaraka suna tsayawa a kan ƙarfe, ita kuwa lago asalinta ma ta mutum ce. Kuma lagon zaɓe mafi girma mutum ne. A Afrilun 2023 kwamishinan zaɓe na Adamawa ya tashi ya ayyana wata 'yar takara a matsayin wadda ta ci kujerar gwamna ana tsakiyar tattara sakamako, sai da hedkwatar INEC ta soke sanarwar. Babu manhajar da aka yi wa kutse a ranar. A Filifin, wadda ke ƙirga ƙuri'a da na'ura tun 2010, masu gabatar da ƙara na Amurka sun tuhumi tsohon shugaban hukumar zaɓen ƙasar, Andres Bautista, da wasu manyan jami'an kamfanin na'urorin zaɓe na Smartmatic a Agustan 2024, kan cin hancin da ya kai aƙalla dala miliyan 1 dangane da kwangilar zaɓen 2016. Tuhuma ce, kuma a kan kwangila take, ba a kan canja ƙuri'a ba. Amma jami'in da ya karɓi ko kwabo daga ɗan kwangila ya miƙa lagonsa.

Haka ɗan takara. Wanda ke da kashi a gindi, duk mai riƙe da fayil ɗinsa yana riƙe da shi, ko ya hau kujera ba shi kaɗai zai zauna a kanta ba. Sai dai a nan ina roƙon 'yan jarida da masu fassara ku rarrabe matakai, domin Hausa tana da kalmominsu. Zargi daban, bincike daban, gurfanarwa a gaban kotu daban, samu da laifi daban. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar. Sashe na 137 da na 182 suna hana takarar shugaban ƙasa da gwamna ga wanda kotu ta samu da laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce INEC ba ta da hurumin cire Atiku Abubakar daga takara, aikin kotu ne.

Ɗalibi: Barista, ke nan in shari'a ta yi shekara 10 tana tafiya, mutum ya yi ta takara abinsa?

Barista: Ƙwarai, kuma in ya ci gwamna sashe na 308 ya lulluɓe shi da rigar kariya. Shari'ar Joshua Dariye da ta Jolly Nyame, tsoffin gwamnonin Filato da Taraba, sun haura shekara 10 kafin a yanke musu hukunci a 2018, aka kuma yi musu afuwa a 2022. Brazil ta gwada wata hanya a 2010, da dokar da jama'a suka tara wa sa hannu fiye da miliyan 1: in kotu mai alƙalai da yawa ta same ka da laifi, ba ka takara na shekara 8 ko da kana ɗaukaka ƙara. Dokar ce ta hana Lula, wanda a lokacin tsohon shugaban ƙasar ne, takara a 2018, daga baya aka soke hukuncin da aka yi masa a 2021. Shi ya sa ba na son a miƙa wa wata hukuma wuƙar yanke wanda zai tsaya. Mai zaɓe ba alƙali ba ne, ba ɗaure kowa zai yi ba, saboda haka ba ya buƙatar hujjar da alƙali ke buƙata. Yana da 'yancin ya duba takardar EC9 da ɗan takara ya cike da rantsuwa, ya tambayi wa ke ɗaukar nauyin kamfen ɗinsa, wace shari'a ce ta yi shiru bayan ya sauya sheƙa, sannan ya hana shi ƙuri'arsa.

Malamar Hausa: Na goyi bayan lago, da sharaɗi biyu. Na farko, kada a ƙirƙira mata jam'i na dole. A ce "lago uku aka gano a manhajar", ya wadatar. Na biyu, kada a saka ta inda Bature ke nufin marasa galihu, kamar mata da yara a sansanin gudun hijira. Can "masu rauni" na nan a wurinta.

Mai fassara: Na gode Malama. Ga abin da zan riƙe: tangarɗa in na'ura ta gaza da kanta, lago in akwai inda za a iya cin ta, kutse in an shiga, maguɗi in an canja sakamako. Saura aikatau. Kafa ake toshewa, shi lago fa, me ake yi masa in kamfani ya gyara manhajar?

Dattijo: Rufe shi ake yi. In ba a iya rufewa ba, a tsare shi.

Injiniya: Duka biyun muna buƙata, Baba. Wanda ke cikin manhaja a rufe shi da gyara. Wanda ke tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako ba ya rufuwa, sai dai wakilai su bi takardar da ƙafarsu har inda za a karanta ta.