Ƙudan da ke huda blueberry: me rahoton ƙungiya ke tsinana mana?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu aikin ƙananan 'ya'yan itatuwan nan, blueberry da rasberi, a jihohin Oregon da Washington na Amurka, wane amfani kuke samu daga rahoton Small Fruit Update da ƙungiyar Northwest Berry Foundation ke aikowa, musamman kan ƙudan nan Drosophila suzukii?

Mai duba ƙwari: Wa alaikumus salam. Babban amfaninsa sanin lokaci. Ƙudan ya ɓulla a Kalifoniya a 2008, ya iso nan a 2009. Macen tana da abin saka ƙwai mai haƙora kamar zarto, shi ya sa take huda ɗan itace tun yana kan nuna, ba sai ya ruɓe ba. Idan rahoto ya ce an fara ganinsa a gonakin yankinku, to ka kafa tarko: kofin roba mai murfi, ka huda ramuka na kimanin milimita 5, ka zuba ruwan khal na tuffa da ɗigon sabulu. Ka rataye shi a inuwar ganye, a bakin gona ta ɓangaren da blackberry na daji yake, don daga can suke kwararowa. Ana canja ruwan duk mako. Namijin ana gane shi da baƙin ɗigo a fiffike.

Mai kula da tsinka: Malam, gaskiya ne, amma tarko na yaudarar mutum. Da zarar 'ya'ya sun nuna, ƙamshinsu ya fi khal jan ƙuda, sai adadin da ke tarko ya ragu alhali gonar cike take. Abin da ake koyarwa a ranar taron gona shi ne gwajin gishiri, kuma shi na fi yarda da shi. Kofi 1 na gishiri a galan 1 na ruwa. Ka ɗan murƙushe 'ya'yan a leda, kada ka dame su, ka zuba ruwan ya rufe su, ka jira minti 15. Fararen tsutsotsi za su fito su taso sama. In ka dame su da yawa, ɓargon ɗan itacen zai ɓoye ƙananan.

Mai feshi: Ku ƙara da sauya magani. An riga an samu ƙudan da maganin ƙwari na spinosad ba ya kashewa sosai a Kalifoniya, saboda haka kada a maimaita iri ɗaya a jere. In an yi ruwan sama kuma, maganin ya wanke.

Mai kula da tsinka: Sannan a riƙa tsinka duk bayan kwana 1 ko 2, a kwashe wanda ya zube, a kai kaya ɗakin sanyi nan take. Sanyin digiri 1 zuwa 2 yana tsayar da girman tsutsa.

Mai buɗe zance: Allah ya saka da alheri. Ƙaramar zanzaron Ganaspis mai kashe tsutsar ƙudan, da USDA, ma'aikatar noma ta Amurka, ta amince a saki a 2021, akwai wanda aka sake ta a gefen gonarsa? Muna son jin yadda ake kiyaye ta daga feshi.