Injin bayanan kod da baya tambayar kwamfaila, canke yake ko aiki?

Auwal: Salamu alaikum jama'a. Tunda mun yarda za mu haɗa ƙaramin injin da zai riƙa ciro bayanai daga kwament ɗin kod ɗinmu na C da C++, ni matsayata ɗaya ce kuma bazan janye ba: duk injin da ya rubuta nasa makarancin kod maimakon ya tambayi kwamfaila (manhajar da take juya kod zuwa abinda na'ura zata gudanar), canke kawai yake. Doxygen, sanannen injin ciro bayanai daga kwament, shi ma haka. Ku duba `a * b;` kawai. Ninka a da b ake yi, ko ana ayyana b ne a matsayin mai nuni ga nau'in a? Ba wanda zai sani sai wanda ya san mene ne a, kuma a ɗin yana iya kasancewa a cikin heda (fayil ɗin .h) ta goma da makro (sunan da ake musanya shi da wani rubutu kafin gini) ya jawo. Kwamfaila ya sani. Mai canke bai sani ba. A ɗora injinmu kan libclang, laburaren kwamfailan clang, a huta.

Nura: Wa'alaikumus salam. Kai Auwal da safiyar nan ka fara jifa 😂

Auwal: Ba jifa bane wlh. Ka buɗe kod ɗin Doxygen da kanka ka gani, scanner.l da pre.l da commentscan.l, duk flex ne, wato dokoki ne jibge kan dokoki, duk sanda C++ ya ƙaro sabon abu sai an je an koya masa da hannu. C++20 ya zo da concepts, sai a 2021 ya iya su, modules kuma sai 2023. Harshen Rust fa? Injin bayanansa rustdoc a cikin kwamfailansa rustc yake zaune, abinda rustc ya gane shi ma ya gane.

Malam Garba: Auwal ƙanina, tambaya ɗaya. Allon lantarkin da kake rubuta wa kod ɗin nan, da wane kwamfaila kake gina shi?

Auwal: Ya danganta Malam, na AVR da avr-gcc, tsohon na 8051 kuma SDCC.

Malam Garba: To madalla. Ka ɗauki fayil mai `__xdata` da `__interrupt` na SDCC ka miƙa wa clang ka ga abinda zai ce maka. Bai san su ba, kuskure zai yi ta zubo maka. A Doxygen kuwa layi biyu ne a Doxyfile, fayil ɗin saitinsa, ka kunna MACRO_EXPANSION ka sa `__xdata=` a ƙarƙashin PREDEFINED, ya share kalmar ya wuce abinsa. Wannan sakacin da kake zagi shi ne ya riƙe shi tun 1997 da Dimitri van Heesch ya fitar da shi. Baya buƙatar kod ɗinka ya ginu. Heda ta ɓata, ko laburaren kamfanin da ya ƙera guntun baya kwamfutarka, ko kod ɗin rabi ne ba a gama ba, duk da haka zai fitar maka da shafuka. Wanda ya gaji tsohon aiki da ba wanda ya san yadda ake gina shi, shi ya fi kowa buƙatar bayanai, kuma shi ne injin naka zai fara kora.

Auwal: Amma Malam shi ma clang ana iya bashi `-D__xdata=` ai, dabarar ɗaya ce.

Malam Garba: Ana iya. Sannan ka bashi hanyar kowace heda, da kowace ma'anar makro, da irin injin da ake gina wa. Ka ga ka dawo neman compile_commands.json kenan, fayil ɗin da yake lissafa yadda ake gina kowane fayil, kuma tsohon Makefile na hannu baya haifar da shi sai ka nemo wata dabara.

Hajara: Bari in shigo don an ambaci Rust kuma kullum sai a nuna kamar rustdoc aljanna ce. Ina son shi fa, musamman misalan da ke cikin kwament da `cargo test` yake gudanarwa da gaske, in misalin ya daina aiki gwaji ya faɗi, da kuma mahaɗan da kake rubuta sunan fanshin kawai kwamfaila ya nemo inda yake, wanda ya tabbata a 1.48 a 2020. Amma abinda Auwal bai faɗa ba shine kwamfaila fuska ɗaya yake gani a lokaci ɗaya. In ka gina bayanan a Linux, duk abinda ke ƙarƙashin `cfg(windows)`, wato kod ɗin da aka keɓe wa Windows, babu shi, kamar ba'a taɓa rubuta shi ba. Sai masu laburare su koma suna sa `cfg(doc)` suna lallaɓa shi. Kuma shafin docs.rs da yake gina bayanan kowane kunshin Rust, a killace yake yi ba intanet, ga iyakar lokaci da ta ma'adana, kunshin da yake neman wani laburaren C da babu a wurin sai ginin ya faɗi, mutum ya buɗe shafi ya tarar ba komai. To wanne yafi, bayani mai ɗan kuskure ko ba bayani kwata-kwata?

Auwal: Yaya Hajara ni gara babu. Babu bata yaudarar kowa.

Hajara: Zaka faɗi haka tunda kai ka rubuta kod ɗin, yana kanka.

Zainab: Dan Allah ku yi haƙuri da ɗaliba, ni Sphinx kawai na sani. Shi wane ɓangare yake a rigimar nan?

Hajara: Ƙanwata shi ya wuce ma inda Auwal yake so. Georg Brandl ya yi shi a 2008 don bayanan Python kansa, kuma autodoc ɗinsa ba karanta fayil yake ba, shigo da shi yake, wato yana gudanar da kod ɗinki. Shi yasa yake ganin abinda aka ƙirƙira a lokacin gudu wanda ba makarancin da zai gani. Amma in a saman fayil ɗin kin sa layin da yake buɗe ma'ajiyar bayanai ko yake neman kyamara, to mai gina bayanai ma sai ya nema. autodoc_mock_imports don wannan ciwon aka yi shi. Har wasu suka gaji suka yi sphinx-autoapi mai karantawa kawai ba gudanarwa. Kin ga su masu Python da suke da hanyar "gaskiya" a hannu, wasunsu da ƙafarsu suka koma hanyar da Auwal yake kira canke.

Nura: Ni ta ɓangaren wahalar kulawa zan yi magana, don mu biyar ne kuma kowa da aikinsa. Javadoc, injin bayanan Java, tun farkon Java yake, kuma da makarancin javac, kwamfailan Java, yake karanta kod, wato shi ne misalin da Auwal yake so. Me ya faru? A JDK 9 aka kawo sabuwar hanyar rubuta doclet, wato manhajar da take tsara abinda Javadoc zai fitar, tsohuwar com.sun.javadoc aka cire ta a 13, duk wanda ya rubuta nasa doclet a tsohuwar sai da ya sake rubutawa ko ya tsaya a tsohon Java. Kafin nan kuma Java 8 a 2014 ya zo da doclint, mai duba kuskuren kwament, a kunne, `<p/>` ɗaya a kwament ya isa ya kayar da gini, mutane suka yi ta liƙa `-Xdoclint:none`. In ka jingina da kwamfaila, ranar da ya motsa kai ma sai ka motsa ko baka shirya ba.

Auwal: Wannan Java ne. libclang hanyarsa ta C ce kuma an yi ta ne don kar ta riƙa canzawa.

Nura: Haka ne, amma saboda haka ne kuma bata nuna maka komai ba. Ranar da ka so wani abu mai zurfi a tamfilet (kod ɗin C++ mai aiki da nau'i daban-daban) da bata fitar ba, sai ka gangara LibTooling, ɗaya hanyar shiga clang, ita kuma ta C++ ce ba alkawarin komai a kanta, ga LLVM, aikin da clang yake ciki, duk wata shida sai sabuwar fitowa. Wa zai riƙa bin su a cikinmu? Ni dai ba ni ba 😅

Auwal: To ku amsa min wannan. Masu laburaren Qt na C++ suna da nasu injin QDoc da nasu makarancin shekara da shekaru, a 5.11 suka ajiye suka koma clang. Su basu san wahalar bane? Kuma shi kansa Doxygen me yasa ya ƙara CLANG_ASSISTED_PARSING, har bayaninsa yana cewa yafi daidai a kod mai yawan tamfilet? Mai abu da kansa ya yarda nasa baya kaiwa.

Malam Garba: Wannan kam ka kawo hujja, ban musa ba. C++ na zamani mai tamfilet cikin tamfilet, makarancin hannu baya kai shi, gaskiya ne. Amma ka lura Qt suna iko da kod ɗinsu gaba ɗaya, sun san yana ginuwa, suna da ma'aikatan da ake biya. Doxygen kuma bai san me za'a kawo masa ba: C, Java, Python, PHP, C#, Fortran, har VHDL. Clang zai karanta maka Fortran? Kuma taimakon clang ɗin zaɓi ne, a kashe yake zuwa, sai an gina Doxygen ɗin da shi ma tukuna, kuma yana rage sauri.

Ga wanda yafi kama da namu: kernel ɗin Linux. Kod ɗin C da yake ginuwa kullum, masana kwamfaila cike a wurin, amma injin bayanansu kernel-doc da suka yi shekaru suna amfani da shi asali rubutun Perl ne mai bin tsarin layi, ko da suka koma Sphinx a 2016 basu ce a kira kwamfaila ba. Dalili, kernel ba gini ɗaya bane, akwai x86 akwai ARM akwai RISC-V, ga zaɓuɓɓukan CONFIG bila adadin, kowane gini wani yanki yake gani. Kwamfaila kamar mai leƙen gida ta taga ɗaya ne, abinda ya gani gaskiya ne amma ɗaki ɗaya ya gani. Mu ma allo uku gare mu kuma hedodinmu cike suke da `#ifdef`, mai zaɓar yankin kod ɗin da za'a gina.

Zainab: To Go fa? Naji ance nasu ba wahala.

Nura: Su sun yi wayo tun daga tushe, harshen ne aka tsara shi da sauƙin karantawa, ba makro, go/doc bishiyar rubutun kawai yake bi. Kwament ɗinsu ma sai a 1.19 a 2022 aka tsara masa mahaɗai da jeri sosai. Ba darasin da zamu ɗauka a nan sai dai mu bar C, kuma Malam bazai yarda ba.

Malam Garba: Ko kusa.

Hajara: Ni abinda yake damuna a duk muhawarar nan, ƙaryar da tafi cutar mai karatu ba daga makaranci take zuwa ba. Injin ya ɗauki makro a matsayin fanshin, kowa zai gani ya yi dariya ya wuce. Amma kwament yace `@param timeout` a daƙiƙa alhali an maida shi milidaƙiƙa tun bara, wannan clang ɗin ma bazai kama ba, zai buga maka shi da kyakkyawan rubutu. Abinda kwamfaila yake iya kamawa shine sunan da ya daina dacewa, kuma wannan baka buƙatar gina inji a kansa, `-Wdocumentation` na clang yana yi, ka rubuta `@param len` alhali sunan `size` ne ya yi maka gargaɗi. A kunna shi a gwajin fayilolin da suke ginuwa, a bar fitar da shafuka ga mai haƙuri.

Auwal: Wato dai ku ce kar mu rubuta komai, mu ɗauki Doxygen.

Hajara: Ni kusan haka nake cewa. Yana fitar da XML, Breathe, gadar da ke tsakanin Doxygen da Sphinx, haka yake ɗauka ya kai Sphinx. In siffar shafukan ce bata maka ba, ka rubuta abinda zai karanta XML ɗin ya fitar da irin wanda kake so, aikin sati ne ba na shekara ba.

Zainab: Ni da zamu sa masa Hausa a OUTPUT_LANGUAGE da na fi murna, na duba akwai Larabci da Afrikaans amma ba tamu.

Nura: Ana iya yi, kilas ɗaya ne na C++ da zaki cika jimlolin, kamar translator_en.h. Sai dai duk fitowar da aka ƙara sabuwar jimla sai kin koma kin fassara, in ba haka ba wurin ya fito da Turanci. Ita ma kulawa ce, ki shirya.

Auwal: Ban sauka ba fa. XML ɗin da kuke yabo daga canken aka samo shi, in ya kuskure a tushe duk abinda ka ɗora a kai ya kuskure. Maganar taga ɗaya kuma tana da magani: a gudanar da clang sau uku, kowane allo da nasa compile_commands.json, a haɗe sakamakon, kowane fanshin a rubuta masa allon da yake aiki a kai. Wannan ma yafi abinda PREDEFINED yake baku, don shi ma reshe ɗaya na `#ifdef` yake zaɓa in kun kunna masa preprocessing.

Malam Garba: Nan ka yi gaskiya, shi ma zaɓa yake. To amma `uart_init` ɗinmu a AVR abu biyu yake karɓa, a 8051 ɗaya, kwament kuma guda ɗaya ne a samansu. In ka haɗe, wanne zaka nuna, kuma `@param` na biyun na wa ne?

Auwal: A nuna duka biyun, kowanne da sunan allonsa. Kwament ɗin kuma dole a raba shi gida biyu.

Malam Garba: Fara da wannan fayil ɗin to. Ka fitar mana da shafin uart.h kaɗai ta hanyarka, Hajara ta fitar ta XML, ranar Asabar mu ajiye su gefe da gefe. Na SDCC ɗin ma yana ciki, kar ka tsallake shi.