Me za mu kira epoxy da Hausa?

Jama'a ku taya ni. Ina rubutu kan yadda masu haɗa sandar fatsa a Amurka ke aikinsu, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: epoxy. Su kan sayi tsurar sanda ta zaren gilashi ko na kabon, su ɗaure zobban da igiya ke bi ta ciki da zare, sannan su shafe ɗaurin da wannan abu, wani lokaci da ɗan launi a ciki.

Wani ya ce in rubuta fenti kawai. Ban yarda ba. Fenti iska ce ke busar da shi. Shi kuwa wannan ruwa biyu ne a kwalba daban-daban, kowanne zai yi watanni bai motsa ba. Sai an auna su daidai wa daida an gauraya, sannan su kama juna su daskare. In aka kuskure awo, sai ya tsaya yana naniƙe hannu har abada. Shi ya sa ma garin launin kaɗan ake zubawa, kuma ake ɗora sandar a kan ƙaramin inji yana juya ta a hankali na sa'o'i, don kada ya taru a gefe guda ya zubo.

Wata baiwar Allah ta kawo ƙaro. Kalmar ta yi mini daɗi, don yana da ƙyalli irin nasa. Amma Hajiya, ƙaron da muke sa wa tawadar allo narkewa yake a ruwa. Ina masunci ina abin da ruwa ke narkarwa?

Gam ma an ambata. Masu gyara a kasuwa sun san epoxy ne da sunan gam ɗin Araldite, wanda aka fara fitarwa a Suwizalan a 1946. Sai dai wancan aikinsa manna abu da abu, na sanda kuwa riga ce da ke kare zare.

Ni dai na tsaya a kan dankon haɗi. Danko domin dole ya lanƙwasa tare da sanda in giwan ruwa ya ja, kada ya tsage. Haɗi domin sai an haɗa biyun yake aiki. Mai kala kuma, dankon haɗi mai launi.

Masuntanmu na Yawuri da Baga, in akwai sunan da kuke kiran irinsa wajen toshe jirgi, ku faɗa mini kafin in miƙa rubutun ranar Asabar.