Wai dutsen Kajuru yana da ɗan'uwa a Burazil?

Mai Tifa: Jama'a ku raba ni da yarona. Wai an koya musu a ABU cewa dutsen da muke ɗaukowa a kwari, irin na Kajuru da Kufena, akwai ɗan'uwansa a Burazil, don da can ƙasa ɗaya ce. Anya kuwa?

Malamar Jogirafi: Alhaji, yaronka ya yi gaskiya. Dutsen nan, da ake kira giranait, ya samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sa'ad da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo, dutse ya narke can ƙasa, ya huce a hankali. Karon nan ne ya haɗa babbar nahiyar Gondwana, wadda Afirka da Kudancin Amurka suke cikinta kafin su rabu. A yankin Borborema, arewa maso gabashin Burazil, akwai sa'anninsa, manyan tsagogin duwatsunsu ma sun dace da na wannan gefen.

Ɗan Kawo: Malama, kama da wane ba ta wane. Giranait ai har Sin akwai shi. Kuma wa ya ƙirga shekarun?

Injiniya: Ɗauki tsakuwa ɗaya daga tifar Alhaji ka duba: fari mai sheƙi, jaja-jaja, da baƙin ɗigo-ɗigo. A tsakaninsu akwai ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zarkon, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Yuraniyom ɗin cikinsu yana rikiɗa ya zama dalma bisa sananniyar ƙa'ida, sai a auna nawa ya rikiɗa. Da haka aka auna dutsen Kabala, nan cikin garin Kaduna, a binciken da ya fito a 2001: sama da shekara biliyan 3.5.

Ɗan Kawo: Yauwa, kun kama kanku! Ita ta ce miliyan 600, kai ka ce biliyan 3.5.

Malamar Jogirafi: Ba dutse ɗaya ba ne, ƙanina. Na Kabala tsohon tushe ne, giranait daga baya ya kutsa cikin irinsa. Na Jos mai kuza ma daban yake, bai kai miliyan 200 ba, kuma ba karo ya haifar da shi ba. Inda ka yi daidai: giranait shi kaɗai ba hujja ba ne. Sai shekaru da tsagogi da siffar gaɓar teku sun yi daidai gaba ɗaya. Kwarin Binuwai ma ragowar tsagewar da ta buɗe Tekun Atilantika ne.

Injiniya: Har yau nahiyoyin biyu suna ƙara nisa, 'yan santimita a shekara, GPS na nunawa.

Ɗan Kawo: Na GPS na yarda, tunda yau ake aunawa. Biliyoyin nan ne har yanzu ban haɗiye ba.